Na Biya Kuɗin Kayan Lambu Tun Ba a Shuka Ba, Cinikin Biri a Sama Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ba mu daɗe da zuwa Amurka ba, muna zaune a wata jiha ta arewa maso gabas. Maƙwabciyata ta kawo mini takardar wata gona, wai in biya dala 600 kafin ƙarshen watan Maris, su kuma su riƙa ba ni kwali guda na kayan lambu duk mako daga Yuni zuwa Oktoba, mako 20 ke nan. CSA suke kiran abin, wato noman da al'umma ke tallafa wa. Abin da ya ɗaure mini kai, a ƙasan takardar an rubuta cewa idan amfanin gona ya lalace ba a mayar da kuɗi. Maigidana ya ce wannan cinikin biri a sama ne. Ni kuwa kayan da na gani a gidan maƙwabciyar bara sun ba ni sha'awa. Me kike gani? Daga ƙanwarki a Amurka.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki gaishe mini da maigidan, ki ce masa ya iya karatun takarda, domin layin nan na ƙasa da ya tsaya a kansa shi ne gaba ɗayan maganar. Mutane da yawa suna sa hannu idonsu na kan hoton tumatir da ke saman takarda, sai ranar da kwali ya zo shafal su fara cewa an cuce su.

Ga yadda abin yake. Mai gonar lambu a yankinku yana kashe mafi yawan kuɗinsa ne a lokacin da ba shi da abin sayarwa. A Fabrairu da Maris ƙasa a daskare take, amma a lokacin ne yake sayen iri, yake ɗumama rumfar ledar da yake rainon shuka a ciki, yake gyaran tarakta, yake ɗaukar ma'aikatan da zai fara biya tun bai tsinki ganye ɗaya ba. In ba shi da jari, banki zai je ya ci bashi da ruwa. Shekara ta yi kyau ya biya, ta ɓaci bashin na wuyansa shi kaɗai. A wannan tsarin kuwa sai ya tara gidaje, ko hamsin ko ɗari biyu, kowane gida ya zuba kasonsa na kuɗin noman shekarar tun da wuri, abin da gona ta bayar kuma a raba wa masu kaso. To dala 600 ɗin nan da ake nema a wurinki kuɗin shiga shekarar gona ne, da daɗinta da wuyarta. In an samu albarka, kwalin Satumba sai kin sa hannu biyu. In ruwan ƙanƙara ya sauka a Yuli ya farfasa ganye, ke ma a kanki ya sauka.

Kada ki ɗauka tsoratarwa ce kawai irin ta rubutun lauyoyi. A 2009 an yi sanyi da ruwa mai yawa a yankin naku, cutar nan mai ƙona ganyen tumatir da dankali ta bazu, irin wadda ta jawo yunwa a Ailan a shekarun 1840. Gonaki da yawa sun tumɓuke tumatirinsu gaba ɗaya, masu kaso suka ƙare shekara da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A ƙarshen Agustan 2011 kuma guguwar Irene ta sa koguna suka cika suka batse a jihar Vermont, ruwa ya shanye gonakin da ke fadamar kogin Winooski a gefen birnin Burlington, ana tsakiyar ɗiban amfani. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka tana ɗaukar duk abin da ruwan ambaliya ya taɓa ɓangarensa da ake ci a matsayin gurɓatacce, don haka ko kabewar da ta tsira da kyan ganinta ba ta sayuwa. Irin wannan ranar aka rubuta wa layin nan na ƙasa.

Za ki ce to me zai sa mai hankali ya sa kansa a wannan? Amsar tana wurin waɗanda suka fara abin, kuma yawancinsu masu ci ne, su suka je neman manomi. A Japan, bayan mutane sun ga abin da gubar masana'antu ta yi a wurare irin su Minamata, iyaye mata suka fara haɗa kai suna ƙulla alkawari kai tsaye da manoman da ba sa fesa magani. Teikei ake kiran tsarin can. Ƙungiyar masu noma ba da sinadari ba ta ƙasar, wadda aka kafa a 1971, ta rubuta masa ƙa'idoji goma a 1978, ciki har da cewa mai saye ya karɓi duk abin da gona ta fitar, kuma a yi sassauci ga juna wajen yanka farashi. A shekarar 1978 ɗin dai aka kafa Les Jardins de Cocagne a kusa da birnin Janiba na Suwizalan. A Amurka gonaki biyu ne suka fara tsarin da ake kira CSA a 1986, Indian Line a jihar Massachusetts, inda Robyn Van En ta yi aiki da Jan Vander Tuin wanda ya ga tsarin a Suwizalan, da kuma Temple-Wilton a New Hampshire, inda Trauger Groh ya zo da nasa sanin daga Jamus. Ina son a riƙa ambaton Booker T. Whatley a nan, baƙar fata malamin aikin gona a Tuskegee ta jihar Alabama, domin tun kafin 1986 yake koya wa ƙananan manoma su tara 'yan birni su biya kuɗin zama mamba a farkon shekara, su riƙa zuwa gona suna tsinka da hannunsu. Ba kasafai ake tunawa da shi ba, kuma ya cancanta. Daga baya wasu manoma mata da miji, Denise da Daniel Vuillon, suka ga abin a New York suka kai shi Faransa a 2001, inda ya yaɗu da sunan AMAP. A ƙididdigar ma'aikatar noma ta Amurka ta 2020, gonaki 7,244 ne suka sayar ta wannan hanya, cinikin ya kai dala miliyan 225.

Batun araha kuwa, kada kowa ya yi miki romon baka. Ki raba 600 gida 20, dala 30 ke nan duk mako. A makonnin farko abin da za ki samu ba zai kai haka ba in kin auna da farashin kanti, a Agusta da Satumba kuma yakan zarce. In kin haɗa shekara, kuma kin cinye komai, yawanci za ki fita ba ki yi asara ba idan da kayan da aka noma ba da magani ba kike gwadawa. In da mafi arahar babban kanti kike gwadawa, kanti zai iya fi miki sauƙi. Inda bambancin yake shi ne aljihun da kuɗin ke faɗawa. A lissafin ma'aikatar noman ƙasar na 2022, cikin kowace dala da aka kashe a kan abinci a Amurka kimanin santi 15 ne ya koma gona, sauran na sufuri ne da sarrafawa da talla da kanti da gidajen abinci. Naki kuwa gona zai je kai tsaye, kuma a watan da ake matuƙar bukatarsa.

Ni na daɗe ina da kaso a wata gona, kuma abin da ya riƙe ni shi ne ranar karɓa. Rumfa ce ta katako, an jera akwatuna a kan dogon tebur, an rubuta a allo da alli: latas kai biyu, karas dami ɗaya, kokwamba huɗu, koren wake rabin kilo. Kowa ya zo da jakarsa ya ɗiba da kansa, ba mai tsaye a kansa. Karas ɗin da ƙasa a jikinsa, wani mai ƙafa biyu, wani a karkace, irin waɗanda kanti ba zai taɓa karɓa ba, amma in kin karya shi sai ya ce ƙas, ruwa ya fito. A ƙarshen tebur akwai kwandon musaya, wanda ba ya cin wani abu ya ajiye ya ɗauki wani. Matar da ke noman takan tsaya a bakin rumfa da takalmin roba, hannunta duk ya yi kanta, tana gaya wa mutane dalilin da ya sa albasa ta yi ƙanana bana. Tun da na fara jin irin wannan bayani daga bakin wadda ta yi shukar, in na ga hadari ya haɗo a watan Yuli sai gabana ya faɗi saboda gonar, ni da ba na riƙe fartanya.

Duk da haka, yarda da kasada ba ta nufin miƙa wuya ga kowa. Gani ya kori ji, ki je gonar ke da maigidan kafin ku biya. Ki tambayi shekara nawa suka yi suna wannan tsari, da gidaje nawa suke ciyarwa, da ko bana sun ƙara yawan masu kaso fiye da bara. Gonar da ta ninka mutanenta a shekara guda ba ta ƙara fili ko ma'aikata ba, ki yi hattara da ita. Ki nemi jerin abin da aka saka a kwali mako-mako bara, mai gaskiya yana da shi a rubuce. Ki tambaya ko suna kai kaya kasuwa ko gidajen abinci, in kuwa suna kaiwa, wa ake fara ba wa idan kaya suka yi ƙaranci. Wannan tambayar ta fi duk sauran muhimmanci a wurina. Wanda ya karɓi kuɗinki a Maris bai kamata ya kai kyawawan tumatir kasuwa a Agusta ya bar miki ragowa ba. In kin ɗauki kason asara, haƙƙinki ne ki samu kason yalwa, kuma a gabanki ya kamata a faɗi haka. Sai ki tambayi shekarar da ta fi ɓaci a tarihinsu da abin da suka yi wa mutane a lokacin. Yadda manomi ya ba da wannan labari zai nuna miki ko wane ne shi.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke kashe wa mutane gwiwa fiye da ambaliya: ranar karɓa da sa'o'inta, nisan wurin, da abin da ake yi da kwalinki in kin yi tafiya. Wasu gonakin suna yarda ki turo wani, wasu suna ba da shi sadaka ga wuraren rabon abinci, wasu kaɗan suna ɗage miki zuwa wani mako.

Shawarata, in dala 600 ɗin nan za ta taɓa kuɗin haya ko na makaranta, ki bari sai wata shekara. In ba za ta taɓa ba, ki fara da rabin kaso, ko ku raba guda ke da maƙwabciyar, wannan mako ke, mako mai zuwa ita.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Jamus, abokaina suna cikin wata gona irin wannan sun ce in shigo. Abin da ke damuna, a addini an hana sayen abin da ba a san adadinsa ba. Ya matsayin wannan? Daga ɗan'uwanki a Jamus.

AMSA: Barka kadai Malam, Allah ya ba da sa'ar karatu. Na ji daɗin wannan tambaya, don da yawa ba sa tsayawa su yi ta. Fatawa ta malamai ce, aikina shi ne in taimaka ka kai musu tambayar da siffarta daidai, domin sunan ɗaya ne amma ƙulle-ƙullen sun bambanta.

Abin da ya tabbata, Manzon Allah (SAW) ya hana sayar da 'ya'yan itace kafin alamar nunarsu ta bayyana, ya kuma hana cinikin garari, wato cinikin da babu tabbacin abin da za a samu. Ya halatta salam, wato a biya yanzu a karɓi kaya daga baya, da sharaɗin a san awo ko nauyi, a san wa'adi. Malaman fiƙihu sun ƙara bayani cewa ba a ɗaure salam da amfanin wata gona guda tun bai nuna ba, saboda gonar tana iya lalacewa kuɗin mutum ya tafi a banza. Idan takardar da aka ba ka ta ce kai mai saye ne, ka biya kaza ka karɓi duk abin da ya samu daga wannan fili, to ka ga da kanka cewa sharuɗɗan salam ba su cika ba, kuma kada ka ɓoye wa malamin wannan.

Sai dai yawancin gonakin Jamus masu wannan tsari, waɗanda ake kira Solawi a taƙaice, ba haka suke ƙulla abin ba. Tun daga gonar Buschberghof da ta fara a 1988, abin da aka saba shi ne a kira taron shekara, a baje kasafin gona gaba ɗaya a gaban mambobi: iri nawa, albashi nawa, hayar fili nawa, gyaran injuna nawa. A wurare da dama kowa sai ya rubuta a takarda abin da zai iya bayarwa duk wata, a tara a lissafa. In bai kai kasafin ba a sake zagaye, har sai ya cika. Mai hali ya ba da fiye, ɗalibi irinka ya ba da ƙasa, kowa kuma ya ɗauki kaso. Haka Temple-Wilton ta Amurka ma take yi. A nan babu farashi a kan karas ko kabeji. Mambobi ne suka ɗauki nauyin noman, amfanin nasu ne tun yana ƙasa, a wasu wuraren ma ƙungiyarsu ce ke biyan manomin albashi. Wannan ya fi kusa da babin tarayya da ɗaukar ma'aikaci fiye da babin ciniki, kuma hukuncin waɗannan babuka daban ne. Ka karɓo takardar yarjejeniyar da kundin ƙungiyar, ka fassara wa malamin da ka amince da iliminsa, ka nuna masa wane ne mai amfanin gonar a rubuce, da abin da kuɗinka ke biya. In zuciyarka ba ta kwanta ba, gonaki da yawa suna da shago ko teburi a kasuwar mako, ka saya hannu da hannu, manomin dai ya amfana.

TAMBAYA: Anti, ni na riga na shiga, amma ganye ya yi mini yawa. Kafin in gama na wannan mako wani ya zo, rabi a shara yake ƙarewa, raina yana ɓaci. Ko in fita? Daga wata uwar yara uku.

AMSA: Kada ki fita tukuna 'yar'uwa, watan Yuni ne ya same ki. Farkon kakar ganye ne kusan zalla, latas da alayyafo da lawashi da danginsu, don su ne ke jure sanyi su yi saurin girma. Yuli zai kawo kokwamba da koren wake, Agusta da Satumba tumatir da tattasai da ɗanyar masara da kankana, Oktoba kuma dankali da kabewa da kabeji da albasa, masu daɗewa a ajiye.

Abin da zai cece ki shi ne rabin sa'a a ranar da kwali ya shigo gida, kafin ki zauna. Ki yanke ganyen karas nan take, in kin bar shi yana tsotse ruwan saiwar ta yi laushi. Ki wanke latas a babban kwano, ki tsame shi sama don yashi ya zauna a ƙasa, ki bari ya tsane sosai, ki naɗe a tsumma mai tsabta ki sa a firji. Jiƙaƙƙen ganye a cikin leda kwana kaɗan yake yi ya ruɓe. Duk ganyen dahuwa da kika san ba za ki kai gare shi ba, ki tsoma a tafasasshen ruwa minti biyu, ki juye a ruwan sanyi, ki matse, ki dunƙula ki sa a firiza. Tulin da ya cika kwali zai koma dunƙule biyu, kuma a Janairu za ki gode wa kanki. Tumatir a waje ake barinsa, sanyin firji yana kashe masa ɗanɗano. Kada ki haɗa tuffa da karas wuri guda, iskar da tuffa ke fitarwa tana sa karas ɗaci. Sannan ki juya tsarin girkinki: ki fara buɗe kwali kafin ki yanke abin da za a dafa, mai saurin lalacewa a farkon mako, mai ƙarfi a ƙarshe. In an yi haka har Agusta kuma kaya na zubewa, kason ya fi ƙarfin gidanki, baɗi ki koma rabi.

TAMBAYA: Ina so in shiga amma ba ni da kuɗin a dunƙule. Na ga wani kamfani a intanet da ke kawo kwali har ƙofar gida, ana biya duk mako, ana iya dainawa ko yaushe. Ba ɗaya ba ne? Daga wani magidanci a Amurka.

AMSA: Ba ɗaya ba ne Malam, ko da yake kwalayen sun yi kama. Kamfanin dillali ne, yana saye daga gonaki da yawa, wani lokaci daga nesa ƙwarai, ya shirya ya kawo. Babu laifi a ciki, kuma ga wanda ba shi da mota ko lokaci yana da amfani. Amma ranar da gonar wani ta lalace, kamfanin zai koma wata gonar ne kawai, manomin ya ji da kansa. In kana son gwaji mai sauƙi, ka duba ko za su iya gaya maka sunan wanda ya noma abin da ke cikin kwalin, da ko an biya shi kafin shuka.

Kafin ka haƙura, ka kira gonar da ke kusa da kai ka faɗi halin da kake ciki ba tare da jin nauyi ba. Da yawa suna karɓar biya kashi uku ko huɗu. Wasu suna da farashi hawa-hawa gwargwadon samun gida, masu hali su cike giɓin marasa shi. Wasu suna ba da kaso a madadin aiki, ka zo wasu sa'o'i duk mako ka yi cira ko wanke kaya ko jera kwalaye. In kuma gidanka na karɓar tallafin abinci na SNAP, dokar noma ta 2014 ta buɗe ƙofar biyan kaso da shi, sai dai ba a karɓar kuɗin fiye da kwana 14 kafin a ba ka kayan, don haka gonakin da suka yi rajista suna cira ne kaɗan-kaɗan a tsawon kakar. Ka yi kiran tun Janairu ko Fabrairu, don irin waɗannan guraben ba su da yawa kuma su ake fara cikewa.